Shekarar da Inna Ta Kama Tururi

Innata Bagwariya ce. A ƙauyenmu da ke gindin dutse, cikin dajin Birnin Gwari, ita ake kai wa dawa in za a yi gayya ko bikin mutuwa. A lokacin, Nasara ba su shigo ƙasar nan ba. Takan jiƙa dawar, ta rufe da ganye har ta yi tsiro, mu shanya, mu niƙa, a kwana biyu ana dafa burkutu. Ni ce babbar 'yarta, don haka itace da tata duk a wuyana suke.

Wata shekara bayan kaka, wani falke daga ƙasar Nufe ya yada zango wurinmu saboda jakinsa ya gurɗe. Musulmi ne, ba ya sha, amma a kayansa akwai koriyar kwalba da aka ba shi a hanya. Ya ce barasa ce ta mutanen bakin teku. Inna ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa.

Ta ce, "Baƙo, wannan ai fara ce kamar ruwan rijiya. Da me suke tace ta?"

Ya ce, "Ba tacewa ake ba, Inna. An ce tururin giyar ake kamawa."

Iyakar saninsa ke nan. Da ya tafi, Inna ta ɗora tukunyar burkutu a wuta, ta kifa wata tukunya a kanta, ta liƙe bakin da laka, ta huda ta saman ta zura gora mai rami. Ta farko ta fashe. Ta biyu tururin ya zirare ta bakin gorar, sai ta sa ni naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, ina zuba ruwa. Can da la'asar ya fara ɗiga. Abin da ya ɗiga daga randar burkutu guda bai cika ɗan ƙoƙo ba.

Dattijai suka zagaya da ƙoƙon. Babbansu ya yi tari, ya share ido, ya ce, "Akwai ƙarfi. Amma wannan ba ta gayya ba ce, ko mutum uku ba za ta zaunar ba."

Inna ba ta yi musu ba. Ta ce dawa ba abin wasa ba ce, ba ta kuma sakewa ba.

Da damina ta zagayo na auri wani manomi a Kuyello, na musulunta, na bar dafa giya. Ƙanwata ce ta gaji tukwanen.