Gurbin Da Ke Tsakanin Dada Da Hilda

Da asuba, kafin mai shayin bakin titi ya hura wuta, Baba Nehemiah yakan buɗe ƙofar maƙabartar da ke bayan babbar majami'ar Angilikan, ya jingine tsintsiya, ya nufi wani tsohon kabari a gindin dalbejiya. Saura taku biyar ya isa sai ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida kabarin: an tashi lafiya, ya sanyi, ya hutawa. Ba ya ɗaga kai. In ya gama sai ya mayar da takalminsa, ya matsa ga kabari na gaba, ya zauna a kansa kamar benci, ya fara yi masa mitar ciwon gwiwa.

Kabarin farko na surukarsa ne. Na biyu na matarsa Hilda. Tsakaninsu akwai fili daidai kwanciyar mutum ɗaya, a share fes. Wannan nasa ne.

Ni Rabe ne, magini, Bakatsine, a Nasarawo nake zaune. Shekara talatin ina riƙe da cokalin gini, kuma abin da na koya bai da yawa: in mutum ya ce gininsa ya miƙe, a ja igiya. Majami'ar ta ɗauke ni in gyara dakalan kaburbura da suka tsattsage kafin bikin cikarta shekara sittin. Wani maƙwabcina ya tambaye ni me ya kai Musulmi maƙabartar Kirista. Na ce masa waɗanda ke kwance a can su ne kaɗai masu gida da na taɓa yi wa aiki ba su tsaya a kaina suna koya mini sana'ata ba.

Wata biyu na yi a wurin, kuma tarihin Baba ya zo mini a gutsure, tsakanin kwaɓin siminti da kwaɓin siminti. Daga wajen Kaltungo ya zo yana ɗan sha bakwai, lokacin da jirgin ƙasa ya iso Gombe. A lokacin majami'ar rumfar langa-langa ce, ƙararrawarta guntun kwangiri da aka rataye a bishiya. Da aka tashi yin ginin dutse, ya shiga leburanci. Akwai wata mata mai tuyar waina a bakin wurin, wadda in ta sauke tanda sai ta ɗauki tulu ta jido wa magina ruwa, ba wanda ya sa ta. A cikin Fulani ta tashi a wajen Kumo, don haka kowa Dada yake ce mata, yadda suke kiran uwa. Baba ya yi ta cin waina har ya auri ɗiyarta tilo. Allah bai ba su haihuwa ba. Da Dada ta rasu, shi ya kwaɓa simintin kabarinta, ya sa ƙusa ya rubuta DADA, domin suruki ba ya kama sunan surukarsa, ko da baki ko da ƙusa. Tun ranar bai bar maƙabartar ba. Ya san wa ke kwance a ina, wa ya rasu da fushin wa. Littafin rajistar kaburbura kuwa gara ta cinye shi tun tuni.

Maƙabartar ta cika. Sabuwa tana can gaban Tumfure, inda ko mai keke sai an lallashe shi yake zuwa. Wurin da ya rage a tsohuwar shi ne gurbin Baba, wanda wani fasto da ya daɗe da rasuwa ya ba shi da baki.

Sai ga Malam Isaiah, tsohon hedimasta, shugaban kwamitin tarihi. Mutumin kirki ne, amma in ya fara magana siminti na iya bushewa a kwano. A cikin wata takarda da gara ta yi wa saura ya ga sunan wani Mista Dada, Bayarabe, akawun jirgin ƙasa, wanda ya fara tara mutane addu'a a rumfar langa-langa. Ya fito maƙabarta ya ga DADA a kan dakali. Shi ke nan, ya sami wanda ya kafa majami'a, ya kuma sami kabarinsa. Har shekarar rasuwa ya ba shi, sittin da biyar, don daga nan sunan ya daina fitowa a takarda. Kwamiti ya yanke a gina rumfar kankare mai ginshiƙi huɗu a kan kabarin, da tayil, bishop ya buɗe ranar biki. Da na duba zanen, ginshiƙi biyu sun faɗa tsakiyar gurbin Baba.

Baba ya gaya musu, a tsaye, hularsa a hannu, cewa wannan uwar mai ɗakinsa ce. Ya ce Mista Dada kuwa da ƙafarsa ya hau jirgi ya koma garinsu, shi ma ya ɗora masa akwati. Malam Isaiah ya ce tarihi ba ya tafiya da an ce ka ce, shaida yake so.

"To Baba, in surukarka ce, mene ne sunanta? Faɗa mana, mu bincika a takardun baftisma."

"Dada."

"Wannan ai kowace tsohuwa ce daga nan har Dukku. Sunanta na yanka."

Baba ya dubi ƙasa. Aka miƙa masa biro da takarda aka ce ya rubuta. Ya ce hannu ma baki ne. Aka ce ya raɗa wa fasto a kunne, ya ce kunnen fasto ba rami ba ne. Aka ce ya kawo wanda ya san ta. Ya nuna kaburburan da tsintsiya, ya ce ga su nan duka, a zaɓi wanda ake so.

Da suka tafi na ce masa, "Baba, kalma ɗaya ce fa. Ka faɗa, ka tsira da wurinka."

"Bakatsine, shekara ashirin da ranta ban faɗa ba, arba'in bayan ranta ban faɗa ba. Yanzu da nake shirin zuwa inda take, zan faɗa? In je da wane ido?"

Na ce to zai kwanta a Tumfure, shi kaɗai cikin gonar wake. Ya ɗauki tsintsiya. Ya je ya share gurbin, wanda ya riga ya share da safe. Ranar bai zauna a kan Hilda ya yi mita ba. Tsayuwa ya yi a gabanta kawai.

Ni ba na cikin kwamiti, kuma ba a tambaye ni ba. An ce in haƙa harsashi, na ja igiya na fara haƙa. Da na kai gefen dakalin Dada, diga ta ɓamɓaro wani ɓangare daga ƙasansa. Na juya shi, na goge da hannu. Masu aikin da, in za su zuba siminti a kan ƙasa, sukan shimfiɗa takardar buhun don kada ƙasa ta shanye ruwan. Takardar ta ruɓe, amma tawadarta ta zauna a jikin simintin, a juye kamar a madubi. Ban yi boko mai nisa ba, amma wannan rubutu na ɗauke shi a kaina ya fi sau dubu. Buhun simintin Ashaka ne.

Na ajiye guntun a kan bulo, na ci gaba da abin da nake yi, har Malam Isaiah ya zo duba aiki da mata biyu na kwamiti. Na miƙa masa. Na tambaye shi yaushe Mista Dada ya rasu. Ya ce sittin da biyar. Na tambaye shi yaushe aka fara yin siminti a Ashaka. Ya buɗe baki zai ba ni lacca, don ya san amsar sarai, sai ya rufe.

Na ce, "Malam, ko dai mutuminka ya jira shekara sha biyar kafin a rufe shi, ko kuwa ba shi ba ne."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce wataƙila gyara aka yi daga baya. Na nuna masa gefen: zubi ɗaya ne, rubutun kuma a ɗanyen siminti aka yi shi. Baba ya matso. Ya tsinci ƙusa, ya tsuguna gaban kwaɓin da na zuba da safe, ya rubuta DADA. D ɗinsa ta biyu ta kwanta baya kamar mai jin barci, daidai da ta kan kabarin.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe matan nan biyu sun ji labarin tulu da waina. Suka ce ai wadda ta shayar da ginin majami'a ta fi akawun da ya gudu cancantar rumfa, a ƙara mata ginshiƙi ma, su zama shida. Baba ya dube ni kamar ni na haƙa masa ramin. Na ce musu saiwar dalbejiya ta ratsa wurin, ginshiƙi ba zai yi shekara uku ba zai tsage, kuma ni ba na sa hannu a ginin da zai kunyata ni. Gaskiya ce, ko da yake na ɗan ƙara wa saiwar kauri. Aka tsaya a kan ƙaramin allon dutse a wajen kai. Malam Isaiah ya sake babi na ɗaya na littafinsa, ya kuma rubuta a takardar kwamiti, da sa hannun fasto, cewa gurbin na Nehemiah ne. Kafin ya tafi ya juyo.

"Baba, ka kasa kama sunanta, amma za ka kwanta kafaɗa da kafaɗa da ita har tashin matattu?"

Matan suka yi dariya. Baba bai yi ba. Ashe shekara da shekaru yana share gurbin nan, bai taɓa duban abin ta wannan fuska ba.

Washegari na same shi ya jido bulo tara daga ragowar aikina, ya jera su tsakanin kabarin Dada da gurbinsa. Ya ce in gina masa katanga, ba doguwa ba, layi biyu ya isa, don dai a san akwai kunya. Na ce sai na san tsawonta. Ya cire takalmi, ya nemi gafarar Dada, ya kwanta a gurbin ya miƙe ƙafa, ya ce in ja igiya. Na ja. Ya matsa kaɗan wajen Hilda, ya ce in sake ja.

Na gina ta, na shafe ta fuska biyu. Ban taɓa yin katanga mai gajarta haka ba, kuma ban taɓa yin wadda aka duba da kyau haka ba.

Ranar da na zo kwashe kayana, da sassafe, ina ɗaure shebur a bayan keke na hango shi. Ya gama gaida Dada, ya zagayo ta bayan katangar, ya tsaya a gurbinsa yana auna ta da ido. Sai ya ɗauko bulo ɗaya da ya rage, ya ɗora a daidai wajen kai.