Ɗakin Tarkacen Malam Sule

Malam Sule bai taɓa shiga aji hannu rabbana ba. Yau tsohon kwaɗo, gobe ƙahon sa, jibi tayar keke. Mu abokan aikinsa muna kiransa Malam Tarkace, shi kuwa yana kiranmu makiyaya aku. Dokarsa guda ce wajen koya wa 'yan ƙaramar sakandare kalmomin Turanci: "Sai ka taɓa, sannan ka faɗa."

To, ko arba'in ba a yi da rasuwarsa ba, sabon shugaban makarantarsa ta Ruwan Bago ya ce ranar Asabar za a ƙone kayan. Wai ɗakin da Malam yake tara su yake so, ya riƙa ajiye babur. Babur fa! Mutumin da ya fi kowa share hawaye a wajen ta'aziyya!

Ku da kuka yi karatu a hannunsa a Karaye, kun tuna ranar jaki? Ya aro jakin wani mai itace don ya koya muku Turancin taurin kai. Jaki ya iso ƙofar aji ya toge. Malam na ja, gumi na zuba, hula ta faɗi.

Shugabanmu na lokacin ya leƙo. "Malam Sule, wane ne misalin, kai ko shi?"

"Ranka ya daɗe, kalmar tana da faɗi. Shigo, akwai wurin mutum uku."

Har yau ban ga ɗan ajin nan da ya manta kalmar ba.

Sai ranar da wani jami'in duba makarantu ya zo, yana ta ƙamshin turare. Ya dubi kayan ya yamutsa fuska.

"Wannan aji ne ko bola? A rubuta musu a allo su haddace mana!"

Malam ya miƙa masa ɓawon itace da hannu biyu. "Yallaɓai, ɗan tauna. Maganin gajiyar hanya ne."

Maɗaci ne. Jami'i ya tauna, fuska ta murɗe. Malam ya nuna shi da sanda: "Yara, yaya ake cewa da wannan?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, da Turancin ɗaci, har ana ji daga bakin titi.

Haka aka yi masa canji zuwa Ruwan Bago, can ƙasar Rogo. Bai roƙi kowa ba. Ya loda tarkacensa a kura ya bi ta a baya kamar mai rakiyar amarya.

Ko a gadon asibiti bai daddara ba. Na same shi yana jayayya da ma'aikaciyar jinya a kan ledar ƙarin ruwa da ta ƙare.

"Baba, shara ce fa!"

"'Yata, shara a wurinki. Yarana ba su san sunanta ba." Ya tura min ita ƙarƙashin babbar riga. "Kai mini ɗaki, makiyayin aku."

Na kai. Tana nan rataye a ƙusa, ba a kai ga darasinta ba. Ita za a ƙone saboda babur ya kwana a inuwa.

Wallahi ba za a yi ba. Na share zaurena don kayan, na yi hayar kura. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙahon nan ya koyi kalma, mu haɗu a ƙofar ɗakin ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Kowa zai ɗauki abu, kuma sai ya faɗi sunansa kafin ya ajiye.

Allah ya jiƙan Malam Sule. Yadda bai bar yaro da sunan abu kawai ba, Allah kada ka bar shi da jin labarin Aljanna. Ka sa ya taɓa.