Darar Kogon Dutse

Ko na manta komai na ƙuruciyata, ranar da na koyi lissafin rabawa a cikin kogon dutse tana nan a raina har in koma ga Allah.

A ƙauyenmu da ke kusa da Dayi, matar malam ce ke karantar da mu ƙanana, kowa Inna yake ce mata. Ni karatun allo bai ba ni wuya ba, amma da ƙirge ya wuce yatsuna goma sai kaina ya ɗaure.

A waɗancan shekarun mahara sun addabi ƙasarmu. Wata rana da hantsi muna cikin karatu aka buga gangar gargaɗi. Maza suka yi ƙofar gari da kwari da baka, Inna kuwa ta kora mu zuwa kogon da ke bayan gonakin dawa. Muna shiga ƙanana suka fara kuka, alhali kukan nan shi zai tona inda muke.

Inna ba ta tsawata wa kowa ba. Ta tsinci kara ta tona gurabu a ƙasa irin na dara, ta kwance bakin zanenta ta zazzage 'ya'yan tsamiya.

"Wasa za mu yi," in ji ta da raɗa. "Wanda ya yi magana an cinye shi. Da yatsu ake ba ni amsa."

Ta kasa mu gida biyu. Sai ta ɗebi 'ya'yan tsamiya ta nuna mana, ta nuna gurabu, mu kuma mu nuna da yatsu nawa kowane gurbi zai samu. Gidan da ya dace ya kwashe. Kuka ya ɗauke, idanu suka koma ƙasa.

Da layi ya zo kaina ta ba ni goma sha biyu, ta nuna gurbi huɗu. A daidai lokacin muka ji sukuwar dawaki a gindin dutsen. Amma Inna ta kafe ni da ido ta nuna ƙasa. Na shiga jefa su ɗaya-ɗaya ina zagayawa, sai ga uku-uku sun zauna daidai. Na ɗaga yatsu uku. Ta gyaɗa kai, ta ƙara min wasu. Ban san lokacin da dawakin suka wuce ba.

Da la'asar malam ya hawo ya ce gari lafiya, shanu kawai aka kora. Ya tsaya yana kallon gurabun.

"Ke kuma dara kika koya musu?"

"Lissafi na koya musu, Malam. Tambayi wannan ka ji," in ji ta tana nuna ni.

Tun daga ranar aka tona gurabu a gindin tsamiyar makaranta, ana tashi karatu mu zauna.

Sai da na haifi nawa na gane irin tsoron da matar nan ta haɗiye. Daga gare ta na koyi cewa yaron da aka ba wa abin yi da hannunsa, tsoro ma sakinsa yake yi, balle wuyar karatu. Allah ya jiƙan Inna.