Abin da Inna Ba Ta Ce a Goge Ba

Makon jiya shafinmu na kiɗa ya cika shekara goma a intanet. Tun da safe saƙonni suke shigowa, daga Ƙonni, daga Tawa, daga Sakkwato, har da wani Bature da ban taɓa gani ba, wanda ya ce da kiɗanmu yake wanke kwanoni. Na yi wa kowa godiya, na rufe shago da wuri. Shekara uku ke nan ban yi bikin ba, masu tambaya kuwa sai in ce musu nama ya yi tsada. Ƙarya nake yi.

Mu biyu muka buɗe shafin, ni da abokina. Ni ne mai shagon cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kasuwar Illela, ni ne mai baki, ni ke rubutu, ni ke faɗa da duk wanda ya zo ya kushe mana abu. Shi kuwa shi ne mai kiɗan. Ba ganga yake bugawa ba, ba kalangu ba. A wata tsohuwar laftop yake haɗa shi, wadda muka saya a hannun wani ɗan Ƙonni, haruffanta a jere irin na Faransanci, har ya bar duniya bai daina kuskuren dannawa ba.

Yana da i'ina mai nauyi. In ya je sayen sikari, mai tebur zai sallami mutum biyu kafin ya kai ƙarshen maganarsa. Saboda haka bai taɓa tura wa kowa saƙon murya ba, in ka kira shi sai ya kashe ya rubuto maka. Kiɗansa ma babu waƙa a ciki, zalla ne, kuma mutanen garinmu sun daɗe ba su yafe masa wannan ba. Akwai wani dillalin albasa da ya zauna a bencina ya saurara har minti uku, sannan ya cire abin kunnen ya ce, "To shi mawaƙin hwa, makara yay yi?" Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na kusa korar mutumin.

Ga yadda yake aikinsa. Zai ɗauki waya ya shiga gari yana farautar sauti. Injin markaɗe, kacar babur, ƙarar tiya in ana awon gero, ludayi a cikin ƙwaryar mai nono, masunta a tafkin Kalmalo suna bugun gefen jirgi. Ya dawo ya yanka, ya jera, ya sa musu ƙarfi a ƙasa, sai ka ji abin da kake wucewa kullum ba ka kula ba ya zama abin da ke sa ka gyaɗa kai. Kuma kafin ya ɗauki kowane sauti sai ya kai wayar bakinsa ya faɗi inda yake da abin da zai ɗauka, don kada ya manta. Abin mamaki, in da waya yake magana shi kaɗai, i'inar sakinsa take yi. Magana ce sumul, a hankali, murya mai ɗan kauri. Kafin ya ba ni kiɗa in ɗora a shafi sai ya yanke wannan wurin tas. Ɗanyun kuwa, masu muryar, yana tara su a wani filash da ya ɗaura wa jan zare, a durowar shagona yake ajiye shi. Sau ɗaya na kunna a gabansa don tsokana, ya yi kwana biyu bai zo shagon ba. Daga nan sai in ba ya nan nake saurara.

Mahaifiyarsa Inna nake ce mata, don a gidanta na ci rabin tuwon da ya raya ni. Shi ne ɗanta na fari, kuma ita irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta tambaye ni shi sai ta ce, "Ina abokin naka?" In ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Ni take zuba wa nama, shi ta tura masa kwano ba ta dube shi ba. Wata rana ya ɗauki sautin dakanta da hantsi, ya haɗa kiɗa da shi, kuma duk abin da muka ɗora babu wanda ya kai wannan tafiya. 'Yan acaba suka mayar da shi ƙarar kiran waya, har a Ƙonni.

Kowace shekara, ranar da shafin ya zagayo, mukan tara kiɗan da samari suka turo mana daga ko'ina mu sake shi a dunƙule. Bayan la'asar a sayo tsire, a dafa shayi a ƙofar shago, mu bakwai ko takwas, mu ji su ɗaya bayan ɗaya muna yi wa juna sharri. Bikin ke nan gaba ɗaya. Saura wata biyu mu yi na shekara bakwai ciwon ciki ya kama shi. Kwana huɗu ya yi. Ni na riƙe gaban makara, kuma har aka gama rufe shi ban yarda ba.

Abin da ya riƙe ni a kwanakin nan shi ne shiri. Na ce bikin bana nasa ne shi kaɗai, duk abin da ya bari bai saki ba zan fito da shi, duniya ta san wanda ta rasa. Ina cikin wannan, bayan an yi sadakar arba'in, Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Muka gaisa, sannan ta ce, "Ɗan nan, an hwaɗa mani kiɗe-kiɗen abokinka na nan bisa waya, kowa na ji."

Na ce, "Suna nan, Inna."

Ta ce, "Baffanai ya ce duk wanda yas saurara, ana rubuta mashi can inda shike. Ni ban yi karatu ba, ban sani ba. Amma in da gaskiya cikin maganar, ba ni son shi kwana da nauyi. Ka hidda kiɗin nan."

Na ce, "To, Inna." Ba a yi mata gardama, ban kuwa yi ba. Amma tun kafin in fita zaure zuciyata ta fara tafasa. Na ji haushin baffan nasa, na ji haushin garin duka, kuma abin kunya, ita na fi jin haushi. Na ce a raina, matar da ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, yanzu kuma ɗan abin da ya bari take so a share. Haka na fassara ta, ni da na girma a gabanta, ni da na san cewa duk ranar da ya yi dare a waje ba ta cin abinci sai ta ji motsin ƙofa.

Ranar bikin ta zo, aka sayo tsiren kamar kullum, babu mai iya ci. Na faɗa wa jama'a abin da Inna ta ce, na jawo laftop ɗin a gabansu na fara goge kiɗansa daga shafin, ɗaya bayan ɗaya. Da na gama sai na buɗe durowa na ɗauko filash mai jan zare. A cikinmu akwai wani tela da shi ma yake ɗan taɓa haɗa kiɗa, ya girme mu duka. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Kai, tsaya. Kiɗi tac ce. Wanga ba kiɗi ba na, ka bar shi."

Na fizge hannuna na ce, "Sun ce ba su so, to ko ƙwaya ba su samu."

Kwamfutar ma ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna. Ban tsaya nan ba, don in fushi ya hau ni ba na sanin iyaka. Na cika filash ɗin maƙil da wa'azi, na sa a ambulan, na kai wa baffan da hannuna na ce tsaraba ce. Ina jiran ya gane baƙar maganar, shi kuwa bawan Allah ya karɓa da hannu biyu ya sa mini albarka.

Washegari da safe ina share ƙofar shago, wayar wani ɗan acaba ta yi ƙara, sai ga dakan Inna. Kiɗan bai je ko'ina ba. Yana cikin wayoyin mutane, sun tura wa juna tun da daɗewa, wasu ma ni na tura musu da kaina. Har wani daɗi na ji a lokacin, na ce to su bi su goge in sun iya. Ban tsaya na yi tunanin abin da ya tafi da gaske ba.

Bayan an cire amfanin gona, wata ranar kasuwa da hantsi, na ɗago kai na ga Inna a ƙofar shagona. Tun da na buɗe shi ba ta taɓa takowa ba. Na share mata benci, ta zauna a gefe ta jira har masu karɓar caji suka ragu. Sannan ta kwance bakin mayafinta, ta fito da ɗan memori sabo fil, ko daga ledarsa ba a cire shi ba. Ta ce ƙanwarsa ta aika ta sayo mata.

Ta ce, "Ranar da yaɗ ɗauki dakana, na ji shi bayana yana magana da waya. Bai yi i'ina ba ko sau guda. Ni tun da nih haihe shi ban taɓa jin shi hakanan ba. Na yi kamar ban ji ba, nic ci gaba da daka." Ta dubi memorin a hannunta. "Ƙarar taɓarya ta hana ni jin mi yac ce. Na aika an tambayi malam, ya ce magana ba kiɗi ba ta, babu laihi. Ƙanwatai ta ce irin wannan wurinka shika ajewa. Ka sa mani nan ciki."

Na so in ce filash ɗin ya lalace, ko ɓarayi sun shiga. Na kasa. Na faɗa mata abin da na yi, har da wa'azin, ban rage komai ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To. Ai ni nic ce ka hidda."

Na ce, "Ba ki ce ba, Inna. Kiɗi kinka ce. Ni na yi."

Ta mayar da memorin bakin mayafi ta ɗaure, ɗauri biyu, a hankali. Na ɗauka tashi za ta yi, sai ta ce, "Kai ka taɓa jin shi?" Na ce na ji, ba sau ɗaya ba. Ta ce, "To hwaɗa mani mi yac ce."

Na faɗa mata kamar yadda yake, don na haddace shi ban sani ba. "Gidanmu, da hantsi. Innata ta, tana dakan hura. Garin ga duka babu mai hannunta." Ta saurara tana kallon titi, irin kallon da take yi in yana gaishe ta. Da na gama ta ce, "Ba hakanan muryatai take ba." Ba da zargi ta faɗa ba. Ta tashi ta gyara mayafi ta shiga cikin kasuwa.

A ranar na je wurin baffan na roƙi filash ɗin. Ya ba ni ba musu, ya ce ya ji wa'azin duka ya ƙaru. Na kai shi Sakkwato, masu gyara uku suka duba, kowa ya ce da gogewa kawai na yi da an samo, amma na ɗora wani abu a kai har ya cika. Wayarsa kuwa tun ranar rabon kaya aka goge komai a cikinta aka ba ƙanensa. Na bi abokanmu ɗaya ɗaya, na bi 'yan Ƙonni, ko wani yana da bidiyon biki da ya yi magana a ciki. Akwai shi a hotuna da yawa, a baya, yana murmushi, bakinsa a rufe.

Shafin yana nan, samari suna turo kiɗa, wasu sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba, ina ɗorawa ina yabonsu. Amma tsire da shayi sun ƙare. Ranar da shekara ta zagayo sai in rufe shago bayan la'asar in tafi gidan Inna. Ban taɓa gaya mata wace rana ce ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Yanzu kafaɗa ta hana ta daka, a inji ake kai mata gero. Makon jiya na same ta a tabarma, muka gaisa, ta tambayi iyalina, ta sa aka kawo mini fura. Da na sha na ajiye ludayi, sai ta juya fuska wajen bango, na gane, na faɗa mata maganar tasa tun daga farko.

Ta ce, "Ba hakanan muryatai take ba." Sai kuma can ta ce, "Sake hwaɗi."