Babur ɗin da Aka Rufa wa Asiri

Shu'aibu makanike ne a unguwar Jarwal da ke ƙasa mai tsarki, kuma har ya tsufa ransa na ɓaci in an ambaci shekarar 1954. A shekarar ya sami wani tsohon babur, ya rantse sai ya kayar da Yaƙubu direba a tseren da samari ke yi a miƙaƙƙiyar hanyar Mina bayan alhazai sun watse. Don rage nauyi, ya cire fitila da madubi da kujerar baya.

Maƙwabta suka ga babur tsirara, suka ce yunwa ce ta sa yake sayar da kayan ɗaiɗai. Yana can Mina yana dakon kayan alhazai, suka haɗu suka sayo wasu suka mayar da komai, har da ƙarin akwatin ƙarfe na ɗaukar ruwa.

"Kawu, wa ya taɓa mini babur?"

"Sassauta murya, ya waladi, ɗana," in ji Kawu Ilyasu. "Mun rufa maka asiri."

"Ni fa na cire su da hannuna!"

"Mun sani. Kowa yana shiga matsi."

Cire kyautar dattawa cin fuska ne, haka Shu'aibu ya shiga tsere akwati na ƙarau-ƙarau a bayansa. Yaƙubu ya isa ƙarshe, ya juyo, ya tambaye shi ko da ruwan sanyi a ciki.

Abin da ya fi ƙona masa rai, sai da Kawu ya sa shi ya bi gida-gida yana godiya.