Layar da ke rataye a motar mahaifina

Motar ta shekara tara a ƙarƙashin mangwaron gidanmu a Zongon Sokode kafin in taɓa ta. Babbar mota ce mai dogon hanci da bodin katako, tsohuwar ƙirar Faransa. Da ita mahaifina yake kai doya arewa, ya komo da gero da albasa. Bayan rasuwarsa yayana ya ci gaba da tuƙa ta har ƙafafunsa suka gaza. Ni aikin karanta labarai na yi a gidan rediyo a kudu, ban taɓa zama direba ba. Da na ajiye aiki na dawo gida, an riga an binne yayana, 'ya'yansa kuma kowa ya kama gabansa. Daga ni sai ɗakuna huɗu da mota.

Ba don sufuri na tayar da ita ba. Lokacin da nake yaro, tun tana bakin kasuwa muke gane ta. A saman rugugin injinta akwai wata siririyar ƙara, cak-cak-cak, kamar ana buga cokali a bakin tasa. Da mahaifiyata ta ji, sai ta ɗora ruwan wanka. Duk sauran waɗanda suka san wannan ƙara a gidanmu sun rasu. Ita nake so in sake ji.

Da sifirin na fara, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ake jerawa bisa juna su ɗauki nauyin mota, waɗanda a nan muke kira lam. Na ɗaga ta da jak, na tokare ta da kututture, na kwance su. A littafin motar, wanda na tarar a ƙarƙashin kujera, tara aka zana a kowane gefe na baya. Na ƙirga goma sha huɗu. Haka mutanenmu suke yi: duk shekarar da doya ta yi albarka, sai a ƙara ɗaya. Uku sun karye, biyu sun miƙe. Wani maƙeri ya lanƙwasa min sababbi. Sauran na kankare tsatsarsu ɗaya bayan ɗaya, na shafa giris, na mayar da su yadda na same su. Damina guda aikin ya ci.

Sai bawul. A saman injin akwai ƙofofi goma sha biyu, shida na shigar iska, shida na fitar hayaki, kuma tsakanin kowace da ƙarfen da ke danna ta dole a bar ɗan sarari. Littafin ya faɗi faɗinsa. Na sayi ma'auni sabo mai lamba a jiki. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya yana ƙasa yana juya injin da hannu, ɗaya yana sama yana kallo, ya ce a tsaya. Ni kaɗai nake, don haka in juya kaɗan, in hau in duba, in sauko. Wani lokaci sai na hau sau biyar kafin in dace. Da alli nake sa alama don kada in manta inda na tsaya.

Ranar da motar ta tashi, bakaniken da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta katanga ya ce, "Alhaji, ai ka iya. Sumul, kamar sabuwa." Gaskiya ya faɗa. Injin yana tafiya lafiya, ba gargada. Amma ƙarar babu. Na zauna a kujerar direba ina sauraro, kamar na shiga motar wani.

A gefen sitiyari akwai wata 'yar fata baƙa a rataye, tsawonta bai kai yatsa biyu ba. Tun ina yaro nake ganinta, kuma na san laya ce ta tsarin hanya. Ba a buɗe laya. Ko da na wanke cikin motar, da bisimilla na cire ta, da bisimilla na mayar.

Mutum ɗaya ya rage da ya san injin nan: wani tsohon bakanike ɗan ƙabilar Moba a garin Dapaong da ke arewa, aminin mahaifina. Wani direban albasa ya gaya min yana raye, sai dai kunne ya tafi. Na je ƙauyen Kparatao na loda doya, domin mota mai lam goma sha huɗu in ba kaya sai girgizarta ta zubar wa mutum da haƙora. Na kama hanya bayan asuba. A hawan tudun Aledjo motar ta fara zafi. A hawan tudun Defale ƙarfinta ya ragu har na koma giya ta ɗaya, ina kallon allurar zafi tana hawa. Sai la'asar na isa.

Na same shi zaune a gindin darbejiya a ƙofar gidansa. Motar ya fara ganewa. Ya tashi da sanda ya zagaya ta, ya shafa bodin, sannan ya dube ni.

"Kai ne na rediyo? Wanda ke gudun baƙin mai?"

"Ni ne, Baba," na ce da ƙarfi.

"Ka tsufa. Tayar da shi."

A Hausarsa mota namiji ce. Na tayar. Ya ɗauko wani dogon itace, ya dafa bakinsa ɗaya a kan murfin injin, ɗayan ya cije da haƙoransa na gefe, ya rufe ido. Ta haka yake jin inji tun da kunnen ya daina aiki. Ya daɗe a haka kafin ya cire itacen.

"Wa ya rufe masa baki?"

"Ni ne, Baba. Da littafi na yi."

"Littafin ya taɓa hawa Aledjo da doya?" Ya tofar da yawu. "Ina ma'aunin ubanka?"

Na ce ban ga wani ma'auni ba. Ya ja ni zuwa ƙofar direba, ya nuna fatar da sanda.

"Baba, ai laya ce."

Sai da na maimaita a kunnensa. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya miƙa hannu ya ciro ta, ya sa farce ya zare wani ɗan murfi da ban taɓa lura da shi ba. Siraran ƙarafa biyu suka zamo a tafinsa. Daga bakin zarto aka yanko su, aka goge a dutse. Ɗaya yana da tsaga a gefe.

"Mai tsagar na ƙofofin hayaki ne. Ni na goge su. Duk wanda ubanka ya sa a akwatin kaya, sai a ɗauke a ɓare lemo da shi. Shi ne ya kai wa baduku ya ɗinka musu gida kamar laya. Ko ɓarawo ba ya taɓa wannan." Ya sake dubana. "Yayanka ai ya sani."

Na kalli ƙarafan a tafinsa. Shekara arba'in muna gaisawa da yayana, ban taɓa tambayarsa komai game da motar ba.

Ƙarafan sun fi na littafi kauri kaɗan. Ya bayyana min dalili: a kan tudu da kaya, ƙarfe yana zafi ya kumbura, sararin ya cike, ƙofar ta kasa rufuwa, ta ƙone. Shi ya sa suke barin sarari mai yawa. Ƙarar da mahaifiyata take ɗora ruwa da ita, wannan sararin ne.

Ba a daidaita bawul da zafi, don haka muka jira safiya. Ya hau kan benci, ni ina ƙasa ina juya injin. "Kaɗan. Kaɗan. Tsaya. Ka wuce, ɗan rediyo, koma." Shekara biyu ina wannan aiki, ranar ce ta farko da wani ya ce min in tsaya. Da muka kai huɗun ƙarshe ya sauko, ya ce in hau. Ya ce ƙarfen ya shiga da ɗan ja, kamar wuƙa cikin sabulu. Sau uku ya sa na kwance ɗaya.

Na tayar. Cak-cak-cak, a saman rugugin, daidai inda na bar ta. Na tsaya riƙe da ƙofa. Ya cije itacensa, ya gyaɗa kai. "To, ya dawo da maganarsa."

Na so in gaya masa labarin ruwan wankan. Na faɗa sau biyu, da ƙarfi. Ya kalli bakina, ya yi murmushi, ya tambaye ni ko doyar ta Kparatao ce.

Na komo Sokode ba tare da allurar zafi ta motsa ba. Yanzu duk safiyar Juma'a nakan tayar da ita, in bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci a ƙarƙashin mangwaro. Ƙarafan na mayar cikin fatarsu, a gefen sitiyari. Makon farko maƙwabcina ya sake leƙowa ta katanga.

"Alhaji, wa ya ɓata maka aiki a arewa? Bawul ɗinka na kuka. Kawo in ɗaure maka."

Na gode masa, na ce ya bar su haka.