Gida Mai Turke Goma Sha Huɗu

Aji uku na yi a elementare ta Ƙanƙara na gudu, ina ganin na fi kowa lissafi a gidanmu. Abin da na mallaka duk duniya sa ne guda, gadon babanmu, wanda Inna ta ce da shi za a yi mini aure. Na ji labari wai a Funtuwa mutane na kwance kuɗin haya na iske su. Sai na sayar da san fam tara, Inna ba ta sani ba, na nufi 'Yankara neman gida.

A bakin kasuwa wani tsohon dillalin jakuna ya ba ni ƙa'ida. Ya ce, "Yaro, kar ka dubi soro. Ƙirga turakun ƙofar gida. Kowane turke jaki guda ne, kowane mai jaki sule guda ne ranar kasuwa."

Na bi gari ina ƙirgar turke, yara na bi na. Na sami gida mai goma sha huɗu. Daga cikin ɗakin kana hango sama, amma an ce kar in duba, ban duba ba. Na zana lissafi a ƙasa: wata uku sa ya dawo. Na biya fam takwas.

Jajiberin kasuwa fatake suka iso daga Sabuwa da Faskari, suka ɗaure jakuna, turke bai yi saura ba. Babbansu ya miƙe ƙafa ya ce, "Maigida, ina tuwo?"

Na ce, "Baba, sai an biya haya."

"Haya ta mi? Nan kakana ya sauka. Kai za ka ciyar da mu, ka sayar mana da kaya, ka ɗauki la'adarka."

Ni ko kanwar kwabo ban taɓa sayarwa ba. Suka kai wa wani dillali kayan, suka dawo cin tuwona. Sati huɗu, ragowar fam ɗin ta ƙare a tukunya.

Na koma wurin tsohon. Ya ce, "Wallahi ni ma a mota na ji ƙa'idar. Ka ga na yi kama da mai gida?"

Ana haka Inna ta iso, a ƙasa, da sanda. Na zaci tawa ce. Ta leƙa ɗakin, ta dube ni, sannan ta tsaya kan tulin kashin jakuna da na yi ƙyuyar kwashewa. Ta ce, "Wannan fa, wa ka ba?"

Kafin la'asar manoma biyu na rigima a kansa, kowa na son takin a gonarsa. Ta sayar, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta miƙo mini sandar ta ce in sassaƙa turke. Muka ƙara shida. Ta kuma sa a riƙa ba jakunan dusa kafin a ba masu su tuwo.

Shekara biyu muna sayar da taki, muka haɗa kuɗin maraƙi. Auren kuwa, Inna ta ce sai maraƙin ya yi tozo.